Muryar da Ta Shiga Kwamfutar Tudun Kirya

Ku matso kusa. A rage hasken fitilar nan, kowa kuma ya kifa wayarsa. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya tashi tun yanzu, don in an fara ba a tsayawa a tsakiya.

Sunanta Lubabatu. A Haɗejiya take zaune, sana'arta gyaran kwamfuta. Wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan asibitocin karkara ta raba musu kwamfutoci don ajiye sunayen marasa lafiya da magungunansu, ta kuma ɗauki Lubabatu ta riƙa zagayawa tana duba su. In kwamfuta ta yi nauyi, ita ake kira. In bairos ya shiga ya fara cinye takardu, ita ake kira. Mace ce marar wasa a kan aiki. Ta sha tsayar da babban ma'aikaci a gaban na ƙasa da shi ta ce, "Filashin wa ka soka a nan?" Mutane na jin haushinta, amma duk kwamfutar da ta bi ta hannunta takan zauna lafiya.

Ran wata Laraba, a tsakiyar damina, wayarta ta yi ƙara da hantsi. Inna Kulu ce, tsohuwar ungozomar asibitin Tudun Kirya, wani ƙauye can cikin fadama.

"Malama, ki zo. Abin nan na Likita ya lalace."

"Me yake yi, Inna?"

"Magana."

Lubabatu ta yi murmushi. Ta san irin wannan. Mutum ya shiga shafin da bai kamata ba, talla ta maƙale masa a burauza, ta riƙa buɗe kanta tana surutu.

"Talla ce kawai. Jibi zan biyo ta wajenku."

"A'a. Yau za ki zo. Gobe ranar awo ce." Sai ta ƙara da ƙaramar murya, "Kada ki ce ni na kira ki."

Rana ta take tsaka lokacin da ɗan acaɓa ya sauke ta a mashigi, inda ruwa ya cinye hanya. Kwalekwale na ɗaure a jikin turke, babu mai shi.

"Sai la'asar yake dawowa," in ji ɗan acaɓan. "Tun da aka yi haɗarin nan biyu ya daina tuƙi da rana tsaka."

"Babu wata hanya?"

Ya nuna mata wata 'yar siririyar gaɓa da ta kutsa cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta mamaye fadama. "Akwai waccan. Amma ba a bin ta a wannan lokacin, Hajiya. Ki jira."

Lubabatu ta duba agogo. In ta jira la'asar, kwana ya kama ta a ƙauye. Ta saɓa jakarta, ta tattare siket, ta shiga. Ɗan acaɓan ya kira ta sau ɗaya. Bai sake ba.

Kacala ta fi ta tsayi. Dama kore, hagu kore, sama wani ɗan tsagin haske. Taɓo na kama mata takalmi har idon sawu. Ta yi tafiya mai ɗan nisa kafin ta lura da abin da ke damunta. Babu kukan kwaɗi. Babu tsuntsu ko ɗaya. A fadama, da damina. Numfashinta kawai take ji, da tsotsar da taɓo ke yi wa takalminta.

Ta sha wata kwana, sai ga mace zaune a kan kututturen goruba.

Matashiya ce, da shuɗin mayafi, da tsohon ciki. Ta ɗora hannu biyu a kan cikin. Ta ɗago ta dubi Lubabatu. Laɓɓanta suka motsa, suka gama motsi, suka rufe.

Sannan muryar ta iso.

"Sannu da hanya."

Kun san yadda kiran bidiyo yake yi in sabis ya yi rauni, baki ya riga magana? To haka. Sai dai nan babu waya a tsakaninsu. Taku uku ne.

"Yauwa, sannu," in ji Lubabatu.

Laɓɓan suka sake motsi. Shiru. Sai murya. "Ke ce mai wanke kwamfuta."

"Ni ce."

"Ga saƙo ki kai wa maigidana. Yana asibiti. Ki soka masa da hannunki, ke kika iya."

Matar ta miƙe tsaye, ta miƙo hannu. Filashi ne, baƙi, ƙarami, babu rubutu a jikinsa. Lubabatu ba ta so karɓa ba, amma ta fi tsoron ta ƙi. Ta naɗe hannunta da gefen hijabi ta karɓa. Sanyinsa ya ratsa ƙyallen kamar ƙanƙara. Ruwa na ɗiga daga bakinsa.

Da ta sunkuya za ta jefa shi a aljihun jaka, idonta ya faɗa kan ƙafafun matar. Babu takalmi. Fari fat suke, sun yamutse kamar na wanda ya kwana huɗu a cikin ruwa. Ƙananan katantanwa sun manne a tsakanin yatsun. Kuma taɓon da ke haɗiye Lubabatu har idon sawu, matar nan mai tsohon ciki tana tsaye a kansa, ko lotsawa bai yi ba.

Lubabatu ba ta yi ihu ba. Ba ta yi gudu ba. Ta raɓa ta gefe ta wuce, tana karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, tana ɓata tana sakewa. Ba ta waiwaya ba. Ta yi taku kusan ashirin, babu motsin kowa a bayanta, sai ta ji muryar daidai kunnenta na hagu.

"Kada ki rufe mini ƙofa."

Da ta fito fili ta hango rufin kwanon asibitin. Ta durƙusa ta yi amai. Ta ciro filashin za ta wurga shi cikin ruwa, sai ta fasa. Ta san halin mutane. Filashin da aka yar, wani ne zai tsinta, kuma abu na farko da zai yi shi ne ya soka a kwamfuta ya ga me ke ciki. Ta ƙulle shi a leda, ta ce sai ta sami dutse ta farfasa shi.

Asibitin ɗaki biyu ne da rumfa, da farantan sola a kan rufi. Inna Kulu na zaune a rumfar tana jan carbi. Da ta ga taɓon da ke ƙafar Lubabatu sai ta miƙe.

"Ta cikin kacala kika biyo?"

"Eh."

"Ke kaɗai?"

Lubabatu ta ɗaga kai. Tsohuwar ta daɗe tana kallon fuskarta, ba ta tambaye ta abin da ta gani ba. Ta ba ta ruwa a moɗa, ta ja ta bayan ɗaki.

"Ki saurara, 'yar nan. Bara war haka matar Likita, Shafa'atu, ta nutse a mashigi. Da cikin wata bakwai. Sai a kwana na huɗu aka same ta a cikin kacala. Ita ke taya mu ranar awo, ita ke shimfiɗa wa mata tabarma tana kiran suna. Likita ya yi haƙuri, ya ci gaba da aiki. Amma tun farkon daminar nan ya canza. Ba ya cin abinci. Kullum yana ɗaki da abin nan, ƙofa a rufe. Ni kuma ina jin murya."

"Muryar wa?"

Inna Kulu ta tsallake tambayar. "Wata guda ke nan, mata biyu sun nutse. Hansai, sannan Magajiya. Duk masu ciki. Duk suna hanyar zuwa awo. Ruwa kwance, babu iska, kwalekwale ya kife kamar an ja shi ta ƙasa. Kowa ya fita, ban da su. Gobe mata goma sha ɗaya za su tsallako."

Lubabatu ta yi sallama a ƙofar ofis sau uku kafin aka buɗe.

Ta san Malam Tasi'u, malamin asibitin da mutanen ƙauye ke kira Likita. Wata uku da suka wuce ta bar shi da ƙibarsa da fara'arsa. Wanda ya buɗe ƙofar nan rigarsa ta yi masa yawa, idanunsa sun faɗa. Ɗakin na warin taɓo.

"Malama Lubabatu. Ban kira ki ba."

"Zagaye nake yi, Malam. Lokacin sabunta manhajar kariya ya yi."

"Lafiyarta ƙalau."

"To bari in gani, in rubuta cewa lafiyarta ƙalau."

Ya daɗe a bakin ƙofar kafin ya kauce. Kwamfutar na kan tebur a buɗe. Lubabatu ta zauna, ta taɓa ta, fuskar ta kawo haske. Hoton mace ne ya cika ta. Matashiya, da shuɗin mayafi, tana dariya a ƙarƙashin rumfar asibitin.

Lubabatu ta gane ta, matar cikin kacala ce. Sannan ta fara aiki, don shi kaɗai ta iya.

Manhajar kariya a kashe take. Ba lalacewa ta yi ba, da hannu aka kashe ta, kwana hamsin da biyu da suka wuce. Ta buɗe burauza. A can saman kusurwa, inda ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza suke jeruwa, akwai wata da ba ta san ta ba. Ba ta da suna, ba ta da tambari, ɗigo ne baƙi kawai. Ta duba izinin da aka ba ta. Kyamara, an yarda. Makirfo, an yarda. Karanta duk abin da aka rubuta, an yarda. Ɗan hasken da ke gefen kyamara yana kunne, alhali babu abin da ke ɗaukar hoto.

Ta yago takarda ta liƙe idon kyamarar.

"Malam, wa ya sa wannan?"

Ya zauna a kan gadon duba marasa lafiya. Ya dubi ƙasa.

"Wayarta ta nutse tare da ita," ya ce. "Duk hotunanta na ciki. Wannan guda ɗaya kawai nake da shi. Ran nan na ce bari in bincika ko akwai yadda ake dawo da hotunan wayar da ta ɓata. Na yi ta bin shafuka. Sai na ga wani shafi ya ce in sa lambar wayar, zai dawo da komai, har da saƙonnin murya."

"Burauzar ba ta gargaɗe ka ba?"

"Ta yi ja gaba ɗaya. Ta ce shafin ba amintacce ba ne, in koma baya."

"Sai ka yi me?"

"Na latsa ci gaba. Ya ce in sauke wani abu. Manhajar kariya ta hana. Sai na kashe ta. Ya roƙi kyamara, na ba shi. Ya roƙi makirfo, na ba shi. Na tuna duk abin da kika faɗa mana, Malama. Ina tunawa ina latsawa."

"Hotunan sun dawo?"

"A'a. Ita ta dawo."

Lubabatu ta miƙa hannu ta zare modem ɗin daga jikin kwamfutar, ta ajiye shi a kan tebur. Alamar intanet ta mutu. Duk ɓarawon da ke zaune a wata ƙasa yana leƙen wannan ɗaki, yanzu an datse masa hanya. Ta ja numfashi.

Burauzar ta buɗe sabon shafi da kanta. Baƙi wuluk, babu adireshi a sama.

Sifika ta yi ƙara kamar ana zuba ruwa a tulu.

"Tasi'u."

Muryar cikin kacala ce. Inna Kulu, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta fara salati.

"Tasi'u, na aiko da saƙo. Yana jakarta."

Malam Tasi'u ya ɗago kai a hankali ya dubi Lubabatu. "Kin gan ta?"

"Na ga wani abu."

"Yaya take? Ta rame?"

"Malam, me take tambayarka in kuna hira?"

Ya kau da kai.

"Likita," in ji Inna Kulu, "ka faɗa mata. Ni na ji da kunnena ta jikin taga."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Maganar ta fito ta tsakanin yatsunsa. "Takan ce, wa zai zo awo gobe? Kamar yadda take tambayata da. Ta ce tana kewar matan. Sai in buɗe rajista in karanta mata. Na karanta mata Hansai. Na ce ƙaddara ce. Na karanta mata Magajiya. Tun ranar ban sake ba. Kwana tara tana roƙona. Na kulle rajistar da sabuwar kalmar sirri, a takarda na rubuta ta, ban furta ba."

Nan Lubabatu ta gane amfanin filashin. Abin da ke cikin kwamfutar yana ji, yana gani, amma bai iya buɗe rajistar da kansa ba. Mabuɗi aka ba ta ta kawo. Sunan mace ɗari huɗu da wani abu ne a ciki, da ƙauyukansu, da watannin cikinsu, da ranar da kowace za ta hau ruwa.

"Sanyi nake ji, Tasi'u," in ji muryar. "Ni kaɗai ce a nan. Ka karɓa ka soka. In ka soka za ka ga fuskata. Za ka ga ɗanka."

Ya miƙe tsaye.

"Malama, ba ni."

"Ba zan ba ka ba."

"Saƙona ne. Matata ce ta aiko."

Lubabatu ta rungume jakar a ƙirjinta. Ya fi ta ƙarfi ko a ramensa, kuma ya tsaya tsakaninta da ƙofa. Ta ga jijiyar wuyansa na bugawa.

Inna Kulu ce ta shigo tsakaninsu. 'Yar ƙaramar tsohuwa, kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Likita, ni na yi wa Shafa'atu wankan amarci. Shekara shida ina shiga gidanku. Ka faɗa mini, yaushe yarinyar nan ta taɓa buɗe baki ta kira sunanka?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ko a bayan idonka ba ta faɗarsa. In ta zo kan sunan wani Tasi'u a rajista, miƙo mini take yi in kira. Wannan sunanka ta gani a rubuce a jikin abin nan, shi take karantawa."

Malam Tasi'u ya juya wajen kwamfutar. "Shafa. Me kike kirana?"

Ƙarar ruwa. Ta daɗe.

"Maigida."

Bai motsa ba.

"Malam. Likita. Yaya. Alhaji. Baban ɗana. Masoyi. Ranka ya daɗe."

Tana jero su ɗaya bayan ɗaya, da sauri, babu numfashi a tsakani, yadda ɓarawo ke gwada kalmomin sirri ko ɗaya za ta buɗe. Muryar ta fara sauka. Ta yi kauri. Ta koma ta namiji, ta koma ta tsohuwa, ta koma ta mata biyu a haɗe. Inna Kulu ta dafe bango, don ta gane su. Hansai ce da Magajiya.

Malam Tasi'u ya sulale ya zauna a ƙasa.

Lubabatu ba ta jira ba. Ta gwada cire baƙin ɗigon daga burauza, ya dawo. Ta kunna manhajar kariya, ta mutu nan take. Saura hanya ɗaya. Ta ciro nata filashin na aiki, wanda ba ta taɓa bari ya kwana a kwamfutar kowa ba, ta kashe kwamfutar da ƙarfi, ta tayar da ita daga kan filashin.

"Malam, zan wanke ta gaba ɗaya. Komai zai tafi. Ina da kwafin rajista na wata uku baya, sauran sai Inna ta cike daga ƙwaƙwalwarta."

"Hoton fa?" ya ce, bai ɗago ba.

Ta so ta ce za ta cire masa shi. Abu ne na minti ɗaya. Amma ba ta san inda abin ya ɓuya ba, kuma duk abin da ya fito daga wannan kwamfutar zai iya fitowa da shi.

"Har hoton."

Ta latsa.

Wani siririn layi ya bayyana, ya fara cika daga hagu. Kashi biyar. Kashi tara. A wannan matakin babu abin da ya isa ya yi sauti a kwamfuta, don babu manhajar da ke aiki. Amma sifikar ta yi magana.

"Lubabatu."

Ta ci gaba da kallon layin.

"Na ce kada ki rufe mini ƙofa."

Kashi talatin. Ruwa ya fara tsattsafowa ta ramukan iskar kwamfutar, baƙi, mai wari, yana bin tebur yana ɗiga a kan siket ɗinta. Ta ƙi janye hannunta daga kan wayar wuta, tana tsoron kada ta zare. Inna Kulu ta dafa kafaɗarta tana karanta Falaƙi da Nasi da ƙarfi. A waje rana ta yi ja, inuwar rumfa ta miƙe har bakin taga.

Kashi sittin. Muryar ta daina barazana. Ta koma ta Shafa'atu sak, mai laushi, ta fara kuka. Ba kukan aljan ba. Kukan mace mai jin tsoro.

"Ruwa na shiga hancina. Ka riƙe ni. Don Allah ka riƙe ni, kada ka sake ni kuma."

Lubabatu ta ji motsi a bayanta. Ta zaci fita zai yi don kada ya ji. Idonta na kan layin. Kashi tamanin da bakwai. Kashi casa'in da huɗu. Kukan ya yi ƙasa, ya koma kamar kumfa, ya ɗauke.

Kashi ɗari. Fuskar kwamfutar ta yi fari.

Ta juya ta ce, "An gama, Malam."

Babu shi. Jakarta na ƙasa a buɗe. Ledar da ta ƙulle tana yashe a gefe, an yage ta.

Suka fito a guje. Can nesa suka hango farar rigarsa tana shiga kacala, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya da kiran magariba. Inna Kulu ta ƙwalla masa kira har muryarta ta shaƙe. Lubabatu ta bi shi har bakin ciyawar, ta tsaya. Ƙafafunta suka ƙi shiga. Har yau takan ce da ma ta farfasa filashin nan tun a bakin hanya, da dutsen farko da ta gani.

Mai gari ya tara maza da fitilu bayan sallah, suka bi gaɓar har mashigi suka dawo. Ba su ga ko sawunsa ba. Mai garin ya kuma aika ƙauyukan tsallake cewa kada mace mai ciki ta hau ruwa. Washegari Inna Kulu ce ta tsallaka da kayan awonta a babban jirgi, maza shida na rakiya, ta bi matan nan goma sha ɗaya gida gida. Babu wadda ta nutse, a ranar ko bayanta. Lubabatu ta zuba sabuwar manhaja a kwamfutar, ta mayar da rajista, ta kulle ta yadda ba mai iya sauke komai ko kashe kariya sai da izininta. Kwamfutar ba ta sake magana ba.

A kwana na uku masunta suka sami Malam Tasi'u. Yana zaune a cikin ruwa har ƙugu, a wani lungun kacala da ko jirgi ba ya shiga. Da ransa. Hannunsa na dama a miƙe yake, tafin a buɗe, babu komai a ciki. Ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba.

Wansa ya ɗauke shi ya kawo shi Haɗejiya. Bayan kaka Lubabatu ta je gaishe shi. Ta same shi kwance a soro a kan katifa, an jingina masa matashi. Ya gane ta. Suka gaisa kamar ba abin da ya faru. Ya tambayi Inna Kulu. Ya ce ya aika wa mijin Hansai da mijin Magajiya cewa yana son ganinsu, yana da maganar da zai faɗa musu. Na farko ya zo, ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya fita bai ce uffan ba. Na biyu bai zo ba.

Da ta tashi tafiya sai ya ce, "Malama."

"Na'am."

"Da kika wanke ta, babu abin da ya rage? Ko na minti ɗaya? Muryar kawai."

"Babu, Malam."

Ya gyaɗa kai.

"Kada ki zaci ruɗa ni aka yi," ya ce. "Tun kalmar farko na san ba ita ba ce. Amma wata goma ban ji wannan muryar ba."

Ya juya fuskarsa bango. Lubabatu ta tsaya kaɗan, ta ga ba zai ƙara ba, ta sa takalminta ta fita.

To kun ji. In hanya ta kai ɗayanku fadamar nan da damina, ya tarar babu mai jirgi, ya zauna a mashigi ya jira, ko zai kai dare. Kada ya shiga kacala shi kaɗai. Kada ya karɓi saƙon wanda bai sani ba, kada ya tsinci abin da bai yar ba. Ranar kuma da wani abu ya leƙo ta fuskar kwamfuta ko waya ya ce a ba shi izinin ji da gani, ya yi alƙawarin dawo muku da abin da kuka fi kewa a duniya, ku rufe shi, ku tashi ku nemi mutum mai rai ku zauna kusa da shi.

A yi addu'a kafin a kwanta. Wanda zai fita tsakar gida ya tafi da ɗan rakiya.